TARIHIN DUTSEN WASHI: DAGA GATARIN ARADU ZUWA DUTSEN DA AKE GASAWA

 

Yau hirarmu a kan dutse take. Kowa ya san dutsen niƙa. Kowa ya san mawashi, wanda ake wasa wuƙa da aska a kansa. Wanda kuma ya ratsa Cadawa, ko Gazawa, ko Gidan Rumji, ya ga masu walda a bakin hanya. Suna da wani faifai mai juyawa da lantarki, yana cin ƙarfe, tartsatsin wuta na tashi. Shi ma dutse ne. Amma mutum ne ya haɗa shi, ya gasa shi kamar tukunya. Za mu ji waɗanda sunka fara wanga aiki. Za mu ji kuma labarin wata takarda da hukuma ke ba wanda ya ƙago sabon abu.

Duwatsun kakanni

Wani lokaci manomi yana noma, sai hauya ta tono wani ɗan dutse mai santsi, mai baki kamar gatari. Mukan ce masa gatarin aradu. Masu binciken tarihi sun gano cewa aikin hannun mutanen da ne, tun ba a san ƙarfe ba. Sukan goga shi bisa wani dutse, da yashi da ruwa, har ya yi kaifi. A hamadar Tenere, arewa maso gabashin Nijar, an tsinci irin waɗanga gatura tare da duwatsun niƙa. Wasu sun haura shekara 5000. A wancan zamani wurin yana da ruwa da ciyawa da shanu.

Ke nan washi ya girmi ƙira. Da ƙarfe ya zo, maƙeri bai rabu da dutse ba. Ya ƙera lauje da adda da gatari, sa'an nan ya kai su ga mawashi. Wanzami ma ba ya fara aski sai ya wasa aska.

Ƙasarmu ta Maraɗi yawancinta jigawa ce. Dutse mai kyau sai an kawo shi daga nesa. Shi ya sa dutsen niƙa ke da daraja cikin gida. In ya yi santsi ba a yar da shi. Sai a ɗauki makoɗi a koɗa shi, ya koma cin hatsi.

Mai tauri ke cin mai taushi

Mi ya sa dutse ke cin ƙarfe? A shekarar 1812 wani Bajamushe mai suna Mohs ya jera duwatsu bisa taurinsu, daga 1 zuwa 10. Kowane yana karce na ƙasa da shi. Farcen mutum yana tsakanin 2 da 3. Bakin wuƙa yana tsakanin 5 da 6. Ƙwayar yashi kuwa 7 take. Lu'ulu'u shi ne 10, babu na gaba da shi cikin jerin.

Ku duba da kyau, yashi ya fi wuƙa tauri. Shi ya sa mata ke wanke tukunyar ƙarfe da yashi, ta yi haske. Shi ya sa kuma bakin hauya ke cinyewa cikin jigawa, damina bayan damina. Mawashin gargajiya yawanci ƙwayoyin yashi ne da sunka manne da juna tun zamani mai nisa.

Wahalar masu washi a Ingila

A Ingila akwai wani gari, Shafil, wanda ya yi suna wajen ƙera wuƙaƙe da almakashi. Masu washi na garin suna aiki da manyan duwatsu masu juyawa. Sukan wuni a duƙe, suna shaƙar ƙurar dutse. Ƙurar tana shiga huhu, ba ta fita. A shekarar 1830 wani likitan garin mai suna Knight ya rubuta labarin wagga cuta. Masu washi a bushe, waɗanda ba su jiƙa dutse da ruwa, da yawa ba su kai shekara 40 a duniya ba. Wani lokaci kuma dutsen ya tarwatse yana cikin gudu, ya kashe mai aiki.

Ga wata matsalar. Masana'antu sun fara yin ƙarfe mai tauri ƙwarai don jirgin ƙasa da injuna, dutsen yashi ba ya cin sa da sauri. Akwai wani baƙin dutse mai suna emeri, wanda ake haƙowa a tsibirin Naksos na ƙasar Girka. Ya fi yashi tauri. Akan daka shi, a manna garin da danƙo, a yi faifai. Amma in faifan ya yi zafi sai danƙon ya saki.

Maginin tukwane

Maganin ya fito daga wurin da ba a zata ba. A garin Wusta na ƙasar Amurka akwai wani gidan ginin tukwane na wani mutum mai suna Norton. Cikin ma'aikatansa akwai wani baƙo, mutumin Suwidin, sunansa Pulson. A shekarar 1873 Pulson ya kwaɓa yumɓu da garin emeri da ruwa. Ya gina faifai, ya gasa shi cikin wutar tukwane. Yumɓun ya narke, ya riƙe ƙwayoyin emeri gam. Wanga faifai ba ya tsoron zafi, ba ya tsoron ruwa.

Pulson ya yi dabara, amma Norton mai gida shi ya je ya karɓi takardar hukuma a kanta. Kamfanin da anka kafa a 1885 sunan Norton ya ɗauka. Har yau ana sayar da duwatsun washi da wanga suna.

Wace takarda ce wagga?

Bari mu tsaya mu fahimce ta. Sunanta takardar haƙƙin ƙirƙira. Ciniki ne tsakanin hukuma da mai dabara. Shi mai dabara zai rubuta asirin abin da ya ƙago, filla-filla, da zane, yadda wani gwani zai karanta ya iya yin irinsa. Ita kuma hukuma za ta duba ko abin sabo ne. In sabo ne, sai ta hana kowa ya ƙera shi ko ya sayar ba da izinin mai shi ba, har wasu shekaru. A Amurka ta wancan lokaci shekara 17 ne. Yau a yawancin ƙasashe shekara 20 ne. In wa'adin ya cika, dabarar ta zama ta kowa da kowa.

Dutsen yashi da gawayi

Emeri dai haƙo shi ake yi, wani mai kyau, wani gauraye da datti. Wanda ya fara haɗa ƙwayar washi da kansa, har ta shiga kasuwa, shi ne Acheson. An haife shi a Amurka a 1856. Bai yi nisa a makaranta ba, ya fita neman abinci yana saurayi, yana karatu da dare. Ya yi aiki a ƙarƙashin Edison, wanda ya yi suna kan ƙwan lantarki.

A shekarar 1891 Acheson yana neman hanyar yin lu'ulu'u. Ya zuba yumɓu da garin gawayin kwal cikin kwanon ƙarfe, ya sakar musu lantarki mai ƙarfi. Da abin ya huce, ya ga wasu ƴan ƙwayoyi masu ƙyalli. Ya gwada su, sunka karce gilashi. Lu'ulu'un bai samu ba, amma ya samu abin da ya wuce 9 a jerin Mohs. Ya raɗa masa suna karborandum. Ran 28 ga watan Fabrairu 1893 anka ba shi takarda mai lamba 492,767.

Daga baya anka gane cewa yashin da ke cikin yumɓu ne ya haɗu da gawayi. Saboda haka anka koma dafa yashi mai tsabta da gawayi, a zafin da ya haura digiri 2000. Ku tuna, ruwa a digiri 100 yake tafasa. Irin wagga wuta tana shan lantarki da yawa. Don haka a 1895 Acheson ya kai masana'antarsa Nayagara, inda babban ruwa ke gangarowa daga tudu, ana samun lantarki da araha. Wa'adin takardarsa ya cika tun 1910. Yau ƙasar Sin ta fi kowa yin wanga dutse.

A 1897 wani Ba'amurke, Jacobs, ya narka wata jar ƙasa mai suna boksit, irin wadda ke da yawa a ƙasar Gine. Ya samu wata ƙwaya mai tauri 9, wadda ta fi dacewa da wasa ƙarfe. Irinta ce ke cikin yawancin faya-fayan masu walda. Farin jikin bujin babur ma da irin wanga gari ake gasa shi. Shi ya sa yake jure wutar inji ba ya fashewa.

Lu'ulu'un da mutum ya yi

Abin da Acheson ya nema bai samu ba, an same shi bayan shekara 60 da ƴan kai. A 1953 wani kamfani a Suwidin ya yi lu'ulu'u, amma ya yi shiru, bai bayyana ba. Ran 16 ga watan Disamba 1954 wani ma'aikacin kamfanin General Electric a Amurka, Tracy Hall, ya yi nasa. Ya matse sinadarin gawayi cikin wani inji mai tsananin nauyi da zafi. Kamfanin ya sanar da duniya a 1955, ya karɓi takardu. Suna da kasuwa sunka tafi Amurka. Shi kuwa Hall, tukwicin da anka ba shi takardar ajiyar dalar Amurka 10 ce, domin haƙƙin aikinsa na kamfani ne.

Yau da irin wanga lu'ulu'u ake yanka tayil, da shi ake huda dutse wajen neman ma'adinai.

Mu fa, nan gida?

Ko da ƙasarmu akwai wagga takarda. Ran 13 ga watan Satumba 1962 ƙasashen Afirka 12, har da Nijar, sunka sa hannu a Librebil don kafa ofishi guda. Ran 2 ga watan Maris 1977 anka sabunta yarjejeniyar a Bangi. Sunan ƙungiyar OAPI, mazauninta Yawunde ta ƙasar Kamaru. Yanzu ƙasashe 17 ke ciki. Takarda guda tana aiki cikinsu duka, shekara 20. Akwai kuma ƙarama, ta shekara 10, don wanda ya gyara wani kayan aiki ya ƙara masa amfani. Ana iya shigar da buƙata ta ofishin da ke Yamai. Ana biyan kuɗi, kuma wajibi ne abin ya kasance ba a riga an baza shi kasuwa ba. Mu ƴan bakin iyaka mu lura, Nijeriya ba ta cikin wagga ƙungiya, tana da nata ofishi dabam.

Wanga zance ya shafi maƙeranmu. Mun san gwanaye masu gyara garmar shanu, da amalanke, da injin ɓarar gujiya. Al'adarmu ita ce a ɓoye asirin sana'a, sai ɗa ko bara mai biyayya. Ɓoyo yana da amfaninsa. Amma in gwani ya rasu bai koya wa kowa ba, dabarar ta bi shi kabari. In kuma wani ya kwaikwaya, ba shi da shaidar da zai kai gaban alƙali. Labarin Pulson da na mutanen Suwidin ya ishe mu misali.

Gargaɗi ga masu aiki da dutse

Na 1. Faifan mai walda yana da rubutu a jikinsa. Akwai lambar da ke nuna iyakar gudunsa. Kada a ɗaura shi ga injin da ya fi shi gudu. Da yawa kuma suna da shekarar da za su daina aiki, an buga ta ga ƙarfen tsakiya. A karanta kafin a saya.

Na 2. Dutse mai kauri, wanda anka gasa, a ƙwanƙwasa shi a hankali da icce, kamar yadda mata ke gwada tukunya a kasuwa. Mai lafiya yana da amo. Mai tsaga ba shi da amo, a ajiye shi.

Na 3. A sa tabarau, a rufe hanci da baki. In washin hannu ne, a jiƙa dutse da ruwa. Mu tuna da mutanen Shafil.

Na 4. Injin niƙa yana da faya-fayan ƙarfe 2 masu haƙora. In an wasa su, garin farko yakan fito da ɓurɓushin ƙarfe. Mai inji ya fara niƙa dussa, ya zubar, kafin ya zuba hatsin mutane.

Ga tambayoyi 2 da za ku tattauna tare da malaminku. Daga ina ake kawo duwatsun niƙa na garinku? Wane gwani kunka sani wanda ya ƙago wani kayan aiki, kuma wa ya koya wa?