Ina Alif Yake Zaune A Kanka?

Ku ɗan rufe ido ku jero baƙaƙe a zuci. Wanda ya fara da boko yakan hango A can hagu, Z a ƙarshen dama, kamar yadda aka jera su a bangon aji. To amma wannan jeri baƙo ne a ƙasar Hausa. Sai a 1909 Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano, a 1912 kuma ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko.

Kafin nan, zamanin da sarakunan Haɓe na Daura ke zaune a Zango bayan jihadi, yaro ba ya koyon baƙi a jere. A babbaƙu, yadda baƙaƙen suka zo cikin Bismillahi haka yake haɗuwa da su: ba, sin, mim, yana bin allo daga dama zuwa hagu. Shi a wurinsa baƙi ba shi da gurbi a layi, jiki gare shi. Akwai ɗa mai hannu, da ba guje, da ha ƙarami koma baya, ɗigo kuwa ruwa ake ce masa. Haka ake yi har gobe a makarantun allo na Zango da kewayenta.

Su ma Turawa sun lura hannu ke shata wa zuciya hanya. A 1993 Stanislas Dehaene ya nuna cewa mutanen Faransa na ajiye ƙananan lambobi hagu, manya dama, amma abin ya raunana ga mutanen Iran da suka saba rubutu daga dama.

Malamai kuwa suna da nasu jerin, wato abajada, inda kowane baƙi ke da lissafi: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4. Da shi suke ɗaure shekara a ƙarshen waƙa, abin da ake kira ramzi. Sai dai namu lissafin na Magariba ne, ba na Gabas ba. A wurinmu shin 1000 ne, a Masar 300. Ɗauki shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu, 1218, wato 1804: shin, ra, ya, ha ƙarami. Wanda ya ƙirga da jerin Gabas 518 zai samu, ya ɓatar da shekara 700 cur.

Jama'a, a nan gizo ke saƙar. Yaranmu na Islamiyya jerin Gabas suke haddacewa, masu riƙe da na Magariba kuwa tsufa na cin su. Takardun kakanni na nan cikin gafaka, amma ranar da aka rasa mai wannan jeri a ka, za a karanta baƙin daidai a kuskure shekarar. Mai tsohon malami kusa, ya je ya tambaya tun yana da rai. Allah ya sa mu dace, amin.