Kofin Duniya Na Ƙasa Biyu

Duk shekara idan Oktoba ta kama, Amurkawa kan yi gasar ƙarshe ta besbol, wasan nan da wani yake jefo ƙwallo, wani ya maka mata sanda ya ruga yana zagaya tashoshi huɗu. Sunan gasar World Series, wato gasar duniya, kuma ƙungiyar da ta ci takan kira kanta zakarar duniya. Ni dai sunan yana ba ni dariya. Ƙungiyoyi 30 ne ke neman kambun, 29 na Amurka, ɗaya ta Toronto a Kanada. Tun da aka fara a 1903, lokacin da Boston ta doke Pittsburgh, sau biyu kacal kofin ya ƙetare iyaka, a 1992 da 1993, duka a hannun Toronto. Dokin mai baki ya fi gudu.

Amma kada dariyar ta sa mu ɗauka wasan na Amurkawa ne su kaɗai. Tun a shekarun 1860 ɗaliban Kuba da suka yi karatu a Amurka suka koma gida da shi. Turawan Sifen da ke mulkin tsibirin suka haramta shi a 1869, domin sun ga matasa na barin kallon wasa da bijimi, al'adar masu mulki, suna rungumar na baƙi. Haramcin ya ƙara masa farin jini, har buga shi ya zama wata hanyar nuna ƙin jinin mulkin mallaka. Mutanen Kuba da suka gudu daga yaƙin 1868 zuwa 1878 su ne suka kai shi Jamhuriyar Dominika, ƙasar da a yau ta fi kowace ƙasar waje ba ƙungiyoyin Amurka 'yan wasa.

Labarin Japan ya fi burge ni. Wani malami Ba'amurke, Horace Wilson, ya koya wa ɗalibansa wasan a Tokiyo a 1872, Japanawa kuma suka mayar da shi makarantar ladabi da juriya. Gasar makarantun sakandare da suka fara a 1915 tana nan har yau a filin Koshien, ana nuna ta kai tsaye a talabijin, ƙasa duka na kallo. Yaran da aka fitar sukan durƙusa suna hawaye, su ɗebi ƙasar filin a 'yar jaka su tafi da ita gida.

Masu saurare sun sha ce mini tsadar kaya ce ta hana wasan shigowa wajenmu: ga sanda, ga safar hannu ta fata, ga hular kwano. Ban yarda ba. Yaran Dominika da sandar tsintsiya da murfin gorar ruwa suke koyo, kamar yadda namu ke ɗaure tsumma su yi tamaula. A ganina wasa hanyar masu iko yake bi. Kurket ya bi Turawan Ingila zuwa Indiya. Ƙwallon ƙafa ya bi jiragen ruwansu, ya iso mana ta makarantun boko da barikokin soja na Ingila da Faransa. Besbol kuwa ya tsaya inda Amurka ke da ciniki ko malamai ko sojoji, ita kuma ba ta zauna a yankinmu ba a wancan zamani.

An daɗe ba a san gwanin na gaske ba, domin manyan ƙungiyoyin Amurka ba sa dakatar da kakarsu su saki 'yan wasa zuwa Olamfik. Daga 1992 zuwa 2008 Kuba ta ci zinare uku, Amurka ɗaya, Koriya ta Kudu ɗaya, daga nan aka cire wasan na wani lokaci. Sai a 2006 aka kafa World Baseball Classic, inda ƙasashe 16 suka zo da ƙwararrunsu. Masu gida ko kusa da na ƙarshe ba su kai ba. Japan ta doke Kuba 10 da 6 ta ɗauki kofin, ta maimaita a 2009, Dominika ta karɓa a 2013, sai a 2017 Amurka ta taɓa shi. Afirka ta Kudu ta shiga gasa biyu na farko, ba ta ci wasa ko ɗaya ba. A 2023 ƙasashen sun kai 20, babu ta Afirka a ciki, alhali hukumar FIFA na da mambobi 211.

Wasan ƙarshe na 2023 a Miami aka yi shi, Japan na da 3, Amurka na da 2, saura mutum ɗaya a fitar. Mai jifa Shohei Ohtani ne, mai riƙe da sanda kuwa Mike Trout, kyaftin ɗin Amurka, kuma a lokacin ƙungiyarsu ɗaya, Los Angeles Angels. Sau uku Trout ya kai wa ƙwallon duka yana samun iska, Japan ta ɗauki kofi na uku. Bayan shekara biyu, a World Series ta 2025, da Los Angeles Dodgers ta doke Toronto a wasa na bakwai, wanda aka zaɓa gwarzon gasar shi ma Bajapane ne, Yoshinobu Yamamoto.