Tafinta, Tsarin Mulki da Intanet: Tarihin Matsayin Harsunan Ƙasar Mahuta

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda hukuma ta jera harsunan Nijeriya hawa-hawa tun daga zamanin Turawa, sa'an nan ta nuna abin da wannan jeri ya haifar bayan da harkokin gwamnati suka fara ƙaura daga ofis zuwa cikin wayar hannu da intanet. An zaɓi garin Mahuta, helkwatar Ƙaramar Hukumar Fakai a Masarautar Zuru ta Jihar Kebbi, don ya zama madubin nazarin. Dalili kuwa shi ne, galibin abin da manazarta Hausa suka rubuta a kan wannan batu kukan Bahaushe ne game da danniyar Ingilishi. Kukan yana da hujja. Amma a ƙasar Mahuta akwai jama'ar da ita kanta Hausar harshe na biyu ce gare su, Ingilishi kuwa na uku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka daga wajensu ya kamata a fara auna matsalar.

2.0 Ƙasar da Harsunanta

Mahuta tana kan hanyar da ta taso daga Dabai ta nufi Koko. Jama'ar asali na wannan yanki su ne waɗanda Hausawa ke kira Fakkawa da Gelawa da Kelawa da danginsu, masu kare-karen harshe iri-iri da a yau ake haɗa su da suna guda, watau Ut-Ma'in. A binciken da Clark Regnier ya gudanar a gundumar Fakai a farkon shekarun 1990, an ƙiyasta masu wannan harshe sun kai kimanin 36,000. Maƙwabtansu na kusa su ne Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, harshensu kuma C'lela, sai Dukkawa da Kambari. Duk waɗannan harsuna 'yan rukunin Kainji ne na dangin Binuwai-Kwango, ba su da dangantakar asali da Hausa wadda take 'yar rukunin Cadi. Alal misali, sunaye a cikinsu sun kasu aji-aji, kowane aji da ɗafinsa, kamar yadda Carl Hoffmann ya bayyana game da Dakarci a 1967, Rebecca Paterson kuma ta faɗaɗa game da Ut-Ma'in a kundin digirinta na uku a 2019.

Duk da wannan nisa ta asali, Hausa ta shiga ƙasar ta ƙofofi da dama: kasuwa da sarauta da Musulunci, da aikin mishan wanda ya dogara da Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga cikakkensa a 1932, da kuma aikin soja, wanda mutanen Zuru suka shahara da shi, Hausa kuwa ita ce harshen bariki a zamanin Turawa. Ta haka ta zama harshen hulɗa tsakanin ƙabilun yankin. Sai dai iya Hausar ciniki daban, iya Hausar takarda daban, kuma wannan bambanci shi ne ginshiƙin abin da zai biyo baya.

3.0 Zamanin Turawa da Sarautar Tafinta

Turawan mulki ba su da yawan da za su koyi kowane harshe na Arewa, sai suka ɗauki Hausa ta zama tsani tsakaninsu da sauran jama'a. Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. A shekarun 1930 Hukumar Fassara da Hukumar Talifi a ƙarƙashin Rupert East suka daidaita haruffan nan masu lanƙwasa, aka kuma fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta buga ƙananan jaridu na larduna kamar Zaruma da Sodangi da Himma, ta kuma taɓa wasu manyan harsuna kamar Kanuri da Fulatanci da harshen Tibi. Harsunan ƙasar Zuru ba su sami irin wannan gata ba. Wanda ya shiga ajin Yaƙi da Jahilci a can, da Hausa ya koyi abacada.

Abin da ya wakana ke nan aka sami hawa uku. Bature yana sama da Ingilishinsa, ma'aikatan En'e suna tsakiya da Hausarsu, talaka mai biyan haraji yana ƙasa da harshen gidansu. Maganar Bafakke kafin ta isa kunnen Di'o takan bi ta bakin mutum biyu, hukuncin ma haka yake dawowa. Tafinta ya zama mai ƙarfin gaske, yana iya gyarawa yana iya ɓatawa. Amma duk da aibinsa, yana da wata fa'ida guda wadda sai yanzu ake ganin darajarta: mutum ne, yana ji, ana iya ce masa ba a gane ba ya maimaita.

4.0 Abin da Tsarin Mulki Ya Faɗa

Wani abin lura shi ne, babin haƙƙin ɗan Adam na tsarin mulkinmu saboda ƙananan ƙabilu ya samu. Kwamitin Willink da aka naɗa a 1957 don ya binciki fargabar ƙananan ƙabilu bai yarda a ƙirƙiro musu jihohi ba. A rahotonsa na 1958 sai ya ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin kowane mutum cikin doka, aka kuwa sa su a tsarin mulkin 1960. Watau an ba su kariya a matsayin ɗaiɗaikun mutane, harsunansu kuwa aka yi shiru a kansu.

A Majalisar Arewa ta Kaduna an yi muhawara da Ingilishi da Hausa. Da aka kawo batun ɗaukaka Hausa a Majalisar Wakilai ta Ikko a 1961, Anthony Enahoro ya yi suka mai zafi da sunan ƙananan ƙabilu. Tsarin mulkin 1979 ya nemi sasantawa: sashe na 51 ya ce Majalisar Tarayya za ta yi aikinta da Ingilishi, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya dace; sashe na 91 kuma ya ba majalisun jihohi damar ƙara wani harshe da ake yi a jihar idan sun zartar da ƙuduri. Tsarin mulkin 1999 ya kwafe waɗannan a sashe na 55 da na 97. Hawa ukun nan na zamanin Turawa ke nan suka shiga doka.

Akwai wurare uku da ya kamata mai nazari ya tsaya a kansu a tsarin mulkin 1999. Na farko, sashe na 39 ya ba kowa 'yancin karɓar labari da ra'ayi da isar da su ba tare da katsalandan ba, amma bai ambaci harshen da za a karɓa da shi ba. Na biyu, sashe na 15(2) ya hana nuna bambanci saboda harshe, amma yana cikin Babi na Biyu, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana a kai ƙara kotu a kansa. Sashe na 42 kuwa, wanda ake iya kai ƙara da shi, ya lissafa ƙabila da asali da jinsi da addini da ra'ayin siyasa, bai ambaci harshe da sunansa ba. Na uku, inda doka ta tsaya tsayin daka a kan harshen mutum shi ne sashe na 35(3) da na 36(6), waɗanda suka ce a sanar da wanda aka kama ko ake tuhuma laifinsa da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta. Ma'anar wannan ita ce, Bafakke ba ya da tabbataccen haƙƙin a yi masa magana da harshensa sai ranar da ya zama wanda ake tuhuma.

Manufar ilmi ma ba ta zauna wuri ɗaya ba. Ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya mamaye yankinsa, wanda a Mahuta Hausa ke nan a aikace. A 2022 gwamnati ta amince da koyarwa da harshen uwa a dukan shekaru shida na firamare, a watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilmi ya sanar da soke wannan tsari, aka koma ga Ingilishi.

5.0 Ƙaurar Ofis Zuwa Cikin Waya

An fara amfani da wayar salula ta GSM a Nijeriya a 2001. Daga nan sai ƙofofin hukuma suka dinga komawa cikin na'ura ɗaya bayan ɗaya. An shigo da lambar banki ta BVN a 2014. Daga 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya. A watan Disamba na 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN. A 2021 Hukumar Zaɓe ta buɗe shafin fara rajistar masu zaɓe ta intanet. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kuwa ya tilasta wa har mai sayar da dawa a kasuwar ƙauye ya karɓi kuɗi ta waya ko ya koma gida da kayansa.

Shari'a ta bi sawun wannan sauyi ta gefe guda. A 2020 Kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa rufe intanet da gwamnatin Togo ta yi a 2017 ya keta 'yancin faɗar albarkacin baki, a 2022 kuma ta faɗi irin haka game da dakatar da Twitter da aka yi a Nijeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Waɗannan hukunce-hukunce sun yi maganin hukumar da ta garƙame ƙofa. Ba su taɓa batun ƙofar da take buɗe amma mai shiga bai san harshen masu gidan ba. Haka nan asusun da Dokar Sadarwa ta 2003 ta kafa don kai sadarwa karkara, hankalinsa ya fi karkata ga turaku da na'urori.

6.0 Shingaye Uku

Shinge na farko shi ne na harshe. Galibin shafukan rajista da manhajojin banki da saƙonnin gargaɗi da Ingilishi suke. Hausa ta sami rabo: Google ya sa ta cikin na'urarsa ta fassara a 2013, a 2024 ya ƙara Kanuri da Fulatanci da harshen Tibi, kusan jerin da NORLA ta bi shekaru 70 da suka wuce. C'lela da Ut-Ma'in ba su shiga ba, domin na'urar fassara da tarin rubutu take koyo, harshen da ba a rubuta shi da yawa ba kuwa ba ta da abin da za ta koya daga gare shi. Rashin gatan jiya shi ya haifi na yau.

Na biyu shi ne na rubutu. Bahaushe ya san wahalar da ke tsakanin kafa da ƙafa, ko bata da ɓata, idan allon waya ba shi da haruffa masu lanƙwasa. Masu harsunan Zuru wahalarsu ta fi haka, domin wasulansu sun fi biyar ɗin da ke cikin abacada, shi ya sa ake ja wa wasu layi a ƙasa don a bambanta su. Wannan layi yakan ɓace ko ya goce a waya. Da yawa sai su haƙura su yi rubutu da Hausa, su bar harshensu ga saƙon murya.

Na uku shi ne na al'ada. Fom na na'ura yana neman sunan dangi da ranar haihuwa da adireshi mai lamba. Dattijon da ke lissafin shekarunsa da bikin Uhola, ko da shekarar da tsararsa suka shiga aikin golmo, ba shi da abin da zai sa a wannan gurbi, sai magatakarda ya ƙaga masa. In an ƙaga wata rana a banki, wata daban a wajen rajistar ɗan ƙasa, sai na'ura ta ce mutum biyu ne, ta rufe asusun. Manomin da fartanya ta cinye zanen yatsunsa ma yakan sha fama. Mata kuwa, musamman waɗanda ba su yi boko ba, da yawa da wayar miji ko ta ɗa suke amfani.

Sakamakon duk wannan shi ne tafinta ya dawo da sabuwar riga. Shi ne yaron shagon kwamfuta, shi ne mai POS, shi ne jikan da ya yi sakandare. Ana miƙa masa waya da lambar sirri. Sirrin saƙo da maganar waya da sashe na 37 ya kare, mai shi da kansa yake bayar da shi don ba shi da zaɓi. Tafintan kotu ana rantsar da shi, wannan kuwa ba wanda ya rantsar da shi.

7.0 Kammalawa

An ga yadda jerin harsuna na zamanin Turawa ya shiga tsarin mulki, daga can kuma ya shiga na'ura. Gyaran yana da matakai. A wajen doka, ya dace a ƙara harshe cikin sashe na 42, a kuma faɗaɗa haƙƙin tafinta ya wuce kotu ya kai ga duk wata rajista da hukuma ta wajabta. Majalisar Jihar Kebbi ma tana da damar da sashe na 97 ya ba ta. A wajen fasaha, tun da jama'a sun riga sun rungumi saƙon murya, bayanin hukuma da murya cikin C'lela da Ut-Ma'in zai fi saurin isa da a jira kowa ya iya karatu.

Babban nauyin kuwa yana kanmu, malaman sassan harsunan Nijeriya. Hausa ta kai inda take ne saboda aikin ƙamus da daidaita rubutu da buga littattafai na sama da shekara ɗari. Muna da ɗalibai 'yan ƙasar Zuru a Sakkwato da Zariya da Kano da Birnin Kebbi, masu jin harsunan nan tun daga goyo. Idan aka sa su tattara tatsuniyoyi da karin magana da kalmomin noma da na sarauta na gidajensu, aka rubuta, aka naɗi murya, to an aza harsashin da na'ura za ta iya ginawa a kai. Hujjar da muka daɗe muna kafawa a gaban Ingilishi ita ce mutum ya fi fahimtar haƙƙinsa da harshen da ya tashi da shi. Mutanen Mahuta suna da ikon su kafa mana wannan hujja, mu kuma wajibi ne mu karɓa.