Tarihin IC ɗin WiFi: daga katin sukuru zuwa aikin bulowa

Kusan kullum sai wani ya shigo shago ya ce, "Oga, WiFi ɗina ba ya ja, a canza mini IC." Kafin ka ba da kuɗinka, zo mu ga inda abin ya samo asali.

A 1997 aka fitar da ƙa'idar farko ta WiFi, 802.11, gudunta bai wuce megabit 2 ba. A 1999 aka samu 802.11b mai megabit 11, kuma a shekarar ce Apple ya fito da iBook mai katin AirPort. Mu nan Najeriya sai 2001 GSM ma ta iso. A Sakkwato lokacin, mai son intanet sai ya tafi kafe ya sayi awa.

Da laftof ta yawaita hannun ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, gyaran WiFi ba wuya. Kati ne ɗan ƙarami, Mini PCIe, daga baya M.2. Ka kwance sukuru, ka cire wayoyin eriya biyu, baƙa da fara, ka sa sabo. Matsalar kawai, wasu tsofaffin HP da Lenovo BIOS ɗinsu ba ya karɓar baƙon kati.

Waya ce ta canza lissafin. Babu wurin kati a cikinta, sai aka liƙa IC ɗin kan injin da ƙananan ƙwallayen dalma a ƙarƙashinsa. Masu iPhone 4S ta 2011 ba za su manta ba: maɓallin WiFi ya yi toka-toka, ya ƙi kunnuwa. Mutane suka dinga hura mata na'urar busar da gashi, wasu su sa ta a firiza. Takan tashi kwana biyu ta sake mutuwa, don zafi da sanyi motsa dalmar kawai suke yi, ba su gyara ta ba. Mu da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, ga caji a shagon janareta, dalmar wayoyinmu ta fi shan wahala.

Daga nan gyara ya koma aikin bulowa da madubin ƙara girma, kayan kuma daga Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja. A iPhone 7 kuwa, sabon IC ba ya aiki sai an warware ɗaurin da ke tsakaninsa da ma'ajiyar wayar da na'ura ta musamman.

To ga inda nake son ka kula. IC in ya mutu, WiFi ƙin kunnuwa yake yi, ko ya kasa ganin kowace hanya, sau da yawa har da Bluetooth, don gidansu ɗaya. Amma in yana kunnuwa, rauni kawai yake yi, yawanci eriya ce ta saki bayan faɗuwa ko canjin sikirin. Wani lokacin ma 5GHz ka hau, wadda ba ta ratsa bango kamar 2.4GHz.

Ina koyon aiki na taɓa ɗora bulowa kan wayar wata baiwar Allah, zafin ya kai ga ma'ajiya, hotunan bikinta suka tafi. Ashe ɗan kan eriya ne ya fita. Har yau abin yana raina.

Don haka a fara duba eriya, ka kwashe hotunanka, sannan a yi maganar wuta. Allah ya sa mu dace.