Daga Karta Zuwa Wot: Tarihin Wani Baƙon Wasa a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa layin 'yan koli a kasuwar Darki ta ƙasar Wudil, ba zai rasa ganin wani ɗan ƙaramin kwali ba a tsakanin madubai da allurai da zare. Wannan kwali shi ne na wot, wasan da yara da matan aure da samari ke yi a tsakar gida ko a zaure, ana shewa ana dariya. Amma da zarar wani dattijo ya leƙo, sai a ga an tura takardun ƙarƙashin tabarma. Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun wasan, a gano dalilin da ya sa ya sami shiga gidajen da karta ba ta taɓa shiga ba, da kuma dalilin da ya sa har yanzu ake ɓoye shi.

2.0 Karta

Karta ta girmi wot nesa ba kusa ba. An san ta a Masar zamanin daular Mamalik, kuma ta ɓulla a ƙasashen Turai wajen shekarun 1370. A 1939 wani masani mai suna L. A. Mayer ya gano ragowar kartar Mamalik a fadar Topkapi ta birnin Istambul.

Harshen Hausa da kansa ya adana shaidar hanyar da ta biyo. Larabawan Arewacin Afirka suna ce mata karta, kamar yadda muke cewa. Haka kuma daga cikin sunayen gidajenta huɗu, wato kubbi da zi da subata da kuri, biyu sun yi kama ƙwarai da kubba da sibati na Larabawa. Wannan ya nuna alamar cewa daga hannun fataken hamada muka karɓe ta, ba daga Turawan mulki ba.

Sai dai ta iske caca zaune daram, wadda ake yi da wuri tun kafin zuwanta, ta kuwa faɗa hannun 'yan caca. Da yake Alƙur'ani ya haramta caca a cikin surorin Baƙara da Ma'ida, sai karta ta ɗauki baƙin jini. Kalmar kartagi ta zama zagi, babu kuma uban da zai ba irin wannan mutum 'yarsa da daɗin rai.

3.0 Asalin Wot da Tsarinsa

Wani Bature mai suna William Henry Storey, mutumin Southend a Ingila, shi ya ƙago wot, aka yi masa rajista a 1935. Daga baya kamfanin Waddingtons na birnin Leeds ya karɓi buga shi da sayarwa. Wato ke nan ya girmi Uno, ɗan'uwansa na Amurka wanda aka ƙago a 1971, da shekara 36. A yau hasken wot ya dushe a garinsu, a Nijeriya ne ya sami gindin zama.

Kwalin da aka saba da shi a nan yana da takarda 54. Da'ira da dala kowace tana da 12, gicciye da murabba'i kowane 9, tauraro 7, sannan takardun wot guda 5 masu lamba 20. Babu 6, babu 9. Ƙa'idar ba ta da wuya: ko dai mutum ya ajiye takarda mai siffa irin ta wadda ke ƙasa, ko mai lamba irin tata. In ya rasa, sai ya tafi kasuwa, wato ya ja ɗaya daga tarin da aka kife. Wanda ya riga kowa ƙarar da na hannunsa shi ya ci.

Abin da ya ba wasan armashi a wurinmu shi ne takardun mugunta. Mai 2 tana sa na gaba ya ɗauki biyu, mai 5 ya ɗauki uku, mai 8 ta tsallake shi, mai 14 kuwa ta tura kowa kasuwa. A nan ne yarinya 'yar shekara bakwai kan ɗora wa yayanta kaya, gida ya kaure da dariya.

4.0 Dalilan Karɓuwarsa

Dalili na farko shi ne wot ba ya ɗauke da hoton sarki ko sarauniya, siffofi ne kawai da lambobi. Saboda haka ido bai ɗauke shi karta ba kai tsaye. Na biyu, ba ya bukatar karatu. Yaron da bai iya haɗa baƙi ba yana iya bambance dala da tauraro.

Na uku, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne ya tarar da gurbi a shirye. Yaran Hausawa sun daɗe da wasannin gwada hanzarin hankali. Alal misali, a wasan jini-jini, jagora yana jero sunayen dabbobi da sauri ana amsa masa, sai ya jefo sunan abin da ba shi da rai, wanda ya yi suɓul da baka ya amsa ya sha duka. Hikimar ɗaya ce da ta wot: a gane abin da ya dace cikin gaggawa, a yi wa wanda ya kuskure dariya.

5.0 Kammalawa

Duk da wannan karɓuwa, wot bai tsira daga sunan yayarsa ba, domin da yawa daga cikin dattawa karta suke ce masa, zomo kuwa ba ya wuce ɗan ɓarawo a wurinsu. Ba kuma za a ce tsoronsu banza ne ba, tun da akwai masu zuba kuɗi a kansa a tasha da bayan kasuwa. Amma a nan ya kamata a rarrabe. Kuɗin da aka sa shi ke mai da wasa caca, ba takarda ba, kamar yadda wuri ya kasance kuɗin ciniki a hannun wani, kayan caca a hannun wani.

Akwai kuma hasarar da ta shafi masu nazarin harshe. Yaran da ke wasa a Darki yau suna cewa fik-tu da janar-maket da las-kad, amma kaɗan ne daga cikinsu za su gane kubbi ko subata. Ƙyamar da aka yi wa karta ta sa manazarta sun kau da kai daga kalmominta, alhali a cikinsu akwai tarihin hulɗarmu da Arewacin Afirka. Ya kamata ɗalibanmu su zauna da tsofaffin da suka san waɗannan kalmomi, su rubuta su tun masu su suna da rai.