Yadda Kwalejojin Al'umma Suka Fara Horar da Ma'aikatan Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Amurka

Kwalejin al'umma a Amurka makaranta ce ta gaba da sakandare, inda ake karatun shekara biyu da kuɗi kaɗan, ɗalibi kuma yana kwana a gidansu. Wadda aka fi ɗauka a matsayin ta farko cikin na gwamnati ita ce ta garin Joliet a jihar Illinois, da aka buɗe a 1901 da ɗalibai shida. A lokacin aikinta bai wuce share fagen shiga jami'a ba. Rahoton kwamitin da Shugaba Truman ya kafa, wanda ya fito a 1947, shi ya yaɗa sunan "kwalejin al'umma" tare da ra'ayin cewa makarantar ta riƙa koyar da sana'o'in da garinta ke buƙata.

Buƙatar ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa kuwa daga asibitoci ta taso. A 1955 manyan asibitocin taɓin hankali na jihohi suna riƙe da mutum kusan 559,000, da yawansu sun shekara da shekaru a kulle cikin cunkoso. Shekara guda kafin nan aka amince da maganin chlorpromazine, wanda ya sa sallamar wasu majinyata ta yiwu. A ranar 31 ga Oktoba 1963 Shugaba Kennedy ya sa hannu a dokar gina cibiyoyin lafiyar ƙwaƙwalwa a cikin garuruwa, domin a riƙa kula da mutum kusa da danginsa. Sai dai tambayar ita ce, wa zai yi aikin? Tun a 1959 masanin halayyar ɗan'adam George Albee ya nuna cewa ƙasar ba za ta iya yaye likitocin ƙwaƙwalwa da sauran ƙwararru daidai da yawan masu buƙata ba.

Amsar ta fito ta hanyoyi biyu. A farkon shekarun 1960 Margaret Rioch, a Cibiyar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wato NIMH, ta horar da matan aure takwas aikin sauraron masu damuwa da ba su shawara, kuma suka yi aikin yadda ya kamata. A 1965 kuma, ana tsakiyar yaƙi da talauci na Shugaba Johnson, Arthur Pearl da Frank Riessman suka fitar da littafi suna kira da a ɗauki talakawa aikin hidima a unguwanninsu, a ba su horo da damar ci gaba. Hujjarsu mai ƙarfi ce: ɗan unguwa ya san harshen mutanensa da abin da ke hana su zuwa asibiti, sanin da digiri ba ya bayarwa.

A tsakiyar shekarun 1960 NIMH ta ba da kuɗin buɗe kwas na shekara biyu a reshen Jami'ar Purdue da ke Fort Wayne, wanda ake ɗauka shi ne na farko irinsa. Abin ya zo daidai da lokacin da sababbin kwalejojin al'umma ke buɗewa kusan ɗaya a kowane mako, don haka ya bazu da sauri. Hukumar ilimi ta jihohin kudu da ke Atlanta, ta hannun likita Harold McPheeters, ita ta fi kowa aikin tsara manhaja. Ra'ayinta shi ne kada a horar da ɗan aiken likita kawai. A horar da ma'aikacin da zai bi mutum guda da dukan matsalolinsa: ya tattauna da shi, ya lura ko yana shan magani, ya nema masa wurin zama da tallafin abinci, ya raka shi ofisoshin gwamnati, ya yi magana da iyalinsa. Shi ya sa sanin makamar aiki a cibiyoyi ya zama ginshiƙin karatun. Da aka ga ɗaliban suna samun aiki a gidajen tsofaffi, wuraren gyaran masu shaye-shaye da gidajen kangararrun yara, sai yawancin kwalejoji suka sauya wa kwas ɗin suna zuwa "hidimar jama'a". Malaman fannin sun kafa ƙungiyarsu a 1975, majalisar tabbatar da ingancin karatun kuma ta biyo baya a 1979.

Ƙwararrun aikin jin daɗin jama'a ba su buɗe ƙofarsu gaba ɗaya ba. Sai a 1974 majalisar iliminsu ta fara tantance digirin farko, kuma har yau a yawancin jihohi takardar shekara biyu ba ta ba mutum lasisin kiran kansa ma'aikacin jin daɗin jama'a. Mai wannan takarda mataimaki ne, albashinsa kaɗan, duk da cewa shi ya fi kowa daɗewa tare da majinyaci. Wannan rashin adalci ne da tsarin bai warware ba. Abin da kwalejojin suka iya yi shi ne ƙulla yarjejeniya da jami'o'i, ta yadda ɗalibi zai ɗora shekara biyu a kan nasa biyun ya samu digiri.

Kuɗin ma bai ɗore ba. Kusan rabin cibiyoyin da aka tsara a zamanin Kennedy ne aka gina, kuma a 1981 gwamnatin Reagan ta rage kuɗin ta miƙa ragamar ga jihohi. Kwasa-kwasan sun rayu ne ta bin inda aiki yake. Yau da yawansu sun karkata ga horar da masu ba da shawara kan shaye-shaye, musamman bayan annobar ƙwayoyin opioid, da kuma mutanen da suka warke daga irin wannan larura suke son taimaka wa na bayansu.