Danƙon da ke Tsinin Ƙwayar Cutar Shinkafa

Tun da cutar ƙonewar ganye ta faɗa wa alkama a Bangladesh a 2016, ta kuma ɓulla a Zambiya a 2018, ake ta muhawara: iska ce ke yaɗa ta, ko fataucin hatsi? Kowanne yana da hannu. Amma ƙwayar da iska ta ɗauko ba ta zama cuta sai ta samu wurin mannewa.

Funfuna ce ke kawo cutar, kuma manoman shinkafa sun daɗe da saninta. An rubuta labarinta a ƙasar Sin a 1637, a Japan a 1704, daga baya Cavara na Italiya ya raɗa mata suna Pyricularia oryzae. An daɗe ba a warware abu guda ba: ganyen shinkafa kaki gare shi, ruwa ma gangarewa yake yi, to yaya ƙwayar take tsayawa?

Sai a 1988 amsa ta fito, daga Hamer da Howard da Chumley da Valent, masu bincike a kamfanin DuPont na Amurka. Da madubin lantarki mai ƙara girman abu suka ga cewa ƙwayar, mai ɗakuna uku, tana baro uwarta da danƙonta a shirye, a matse can tsininta tsakanin bangon waje da fatar ciki. Raɓa na jiƙa ta, bangon ya tsage, danƙon ya fito, ta kama. Har Teflon, wanda ake shafa wa kasko don kada abinci ya kama, sai da ta manne masa. Akwai nau'o'in sukari a danƙon, kuma da suka toshe su da wani furotin da ake samu daga wake, sai mannewar ta gagara.

A 1991 Howard da abokan aikinsa suka auna ƙarfin kumburin da funfunar ke huda ganye da shi: ya kai ninki 40 na iskar tayar mota. Wannan ya ɗauke hankalin masana, har wasu suka mayar da shi tushen cutar. Ban yarda ba. Ƙwayar da ruwan sama ya wanke ba ta kai ga yin kumburi, shi ma kumburin da ba shi da nasa danƙon, baya zai tura kansa maimakon ya huda. Ya kamata masu neman magani su ƙara duba nan.

Cutar tana gonakin shinkafarmu ma, kuma ta fi ɓarna inda raɓa ke daɗewa a ganye, musamman idan an cika takin yuriya.